Ba waya ce ta haifi ɗan damfara ba

A watan Nuwamban 2022 an yi abubuwa uku da aka haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, wai laifin intanet. A birnin Los Angeles na Amurka alƙali ya ɗaure Ramon Abbas, wanda duniya ta fi sani da Hushpuppi, shekara 11 da wata uku saboda halasta kuɗin damfara. A Kano kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwancin da suka yi a TikTok suna zolayar gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A Dutse kuma jami'an tsaro suka ɗauke wani ɗalibin jami'ar tarayya suka kai shi Abuja, har ya kwana a gidan yari, a kan ɗan gajeren rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari. Sai da surutu ya yi yawa sannan aka janye ƙarar.

Na farkon ya taimaka wajen kwashe dukiyar mutane ta miliyoyin daloli. Na biyun sun yi irin wasan da 'yan kama suka daɗe suna yi a bainar jama'a. Na ukun ya faɗi baƙar magana irin wadda ake faɗa kullum a teburin mai shayi. Ban da wayar da ke hannunsu, babu abin da ya haɗa su. To wa ya yanke cewa sunan laifinsu ɗaya? Kuma me ya sa hukuncin mai barkwanci yake zuwa cikin 'yan kwanaki, alhali wanda aka kwashe wa jarin shago ta waya sai ya yi ta safa da marwa tsakanin banki da caji ofis har ya gaji ya bar wa Allah? Ɗan sanda ba zai amsa wannan ba, shi aikinsa kamu. Mai wa'azi ma ya riga ya faɗi nasa, sata haramun ce, kuma gaskiya ya faɗa. Amsar tana wurin masu nazarin zamantakewar al'umma, kuma a ganina mun bar wannan aiki a kwance, musamman mu a Arewa, mun wadatu da tsinuwa da hotunan waɗanda aka kama suna riƙe da allo a ƙirji.

Na san abin da za a ce. Da zarar mutum ya fara tambayar me ya sa yaro ya zama ɗan Yahoo, wato ɗan damfarar intanet, sai a ce ga shi nan, zai wanke ɓarawo. Masu wannan magana ina tuna musu da shari'ar da ke cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a sun saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka suka cinye. Aka kai su gaban Sayyidina Umar. Bai tsaya ga cewa sun yi sata ba, duk da sun yi. Ya duba yadda ubangidansu yake barin su da yunwa, ya fasa yanke musu hannu, ya ɗora wa uban gidan biyan ninkin kuɗin raƙumar. Babu wanda ya ce Umar ya halasta sata. Abin da ya yi shi ne ya tambayi a wane gida aka yi satar, wa ke riƙe da ɓarayin, wa ya ci moriyar ƙarfinsu. Ilimin zamantakewa, in aka cire masa manyan kalmomin jami'a, waɗannan tambayoyin ne.

Mu fara da abin da ake yawan mantawa: damfarar ta girmi intanet. Lambar 419 da muke kiran 'yan zamba da ita sashe ne na kundin laifuffukan da muka gada tun zamanin Turawa. A shekarun 1980, bayan faɗuwar farashin mai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wasiƙun zamba ta gidan waya da na'urar fakis suke fita daga Legas zuwa duniya. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude da abokansa suka sayar wa wani daraktan bankin Noroeste na ƙasar Birazil kwangilar filin jirgin saman da babu shi, suka karɓi dala miliyan 242. Babu Facebook a lokacin, babu Instagram. Sai a 2005, zamanin Nuhu Ribadu a hukumar EFCC mai yaƙi da zamba, aka ɗaure shi. Mu ma a nan gida mun san masu ninka kuɗi, da 'yan wala-wala a bakin tasha, da waɗanda ke kiran mata da tsakar dare da shaƙaƙƙiyar murya suna cewa sarkin aljanu ne ke magana, a kai sarƙar gwal a ajiye a gindin bishiya kaza in ana so a tsira da 'ya'ya. Intanet ta ƙara wa sana'ar nisan zango da sauri, ta kuma ɓoye fuskar mai yin ta. Ba ita ta ƙirƙiro ta ba.

A 1938 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Robert Merton, ya yi bayanin da har yau ake koyarwa a ajin farko. Ya ce idan al'umma ta ɗora wa kowa buri ɗaya, wato a yi kuɗi, sannan ta toshe wa yawancin mutane halastacciyar hanyar kaiwa ga burin, to wasu za su riƙe burin su yar da hanyar. Amurka yake nufi, amma ka duba namu. Yaro ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ɗakin soro. Gurbin aikin gwamnati ana cinikinsa kamar fili. A wurin ɗaurin aure kuwa ya ga wa ake shimfiɗa wa darduma a sahun gaba, kuma ya lura babu mai tambayar daga ina kuɗin suka fito. Hushpuppi yana da mabiya sama da miliyan biyu a Instagram kafin a kama shi a Dubai a watan Yunin 2020. Ba 'yan damfara ba ne miliyan biyun nan. Mu ne, masu kallon agogo da motoci muna cewa Allah ya ba mu.

Sai dai ban yarda a tsaya a nan ba, domin bayanin Merton yana da saurin zama waƙar da kowa ke rerawa: talauci ne, rashin aiki ne. In talauci ne kaɗai, da jihohin da suka fi kowa talauci su ne hedikwatar Yahoo, kuma ba haka abin yake ba. Obinwanne Okeke, wanda ake kira Invictus Obi, mujallar Forbes ta saka shi cikin fitattun matasan 'yan kasuwar Afirka a 2016. A 2021 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10 kan zambar dala miliyan 11. Ba yunwa ta kai shi ba. Kuma ga miliyoyin matasa da ba su da ko sisi, suna da waya, sun iya latsa ta, amma ba su taɓa cin ƙwandalar kowa ba. Duk bayanin da ya kasa bambanta waɗannan da wancan, bai kammala ba.

Wanda ya fi kusa da gaskiya a wurina shi ne Edwin Sutherland, wanda tun a ƙarshen shekarun 1930 ya ce laifi koyonsa ake yi, kamar kowace sana'a, a hannun mutanen da kake zama da su. Kuma ba dabarar kaɗai ake koya maka ba, har da hujjar da za ka kwantar wa zuciyarka hankali da ita. Oludayo Tade na Jami'ar Ibadan ya zauna da ɗaliban da ke wannan harka ya tattauna da su, abin da ya fito da shi kuwa tsari ne mai rabon aiki da manya da ƙanana, har da ɓangaren tsafi da suke kira Yahoo Plus, wanda ya yi rubutu a kansa a 2013. EFCC ta sha kai samame gidajen da suke kira HK, inda ake ajiye yara ana koya musu aikin kamar yaran gareji, ana ciyar da su, in sun fara samu ubangida ya yanki kasonsa. A 2019 muƙaddashin shugaban hukumar na lokacin, Ibrahim Magu, ya ce iyayen 'yan Yahoo mata sun kafa ƙungiya. An yi ta dariya, amma maganar ta fi ƙarfin dariya: uwa ta san abin da ɗanta ke yi, ta karɓi mota, ta yi masa addu'a.

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin dala ta tashi daga asusun wata tsohuwa a Texas ta zama gida a Lekki, ta bi ta hannun wanda ya ara asusunsa, da ma'aikacin bankin da ya kau da kai, da ɗan canji, da dillalin mota, da mai sayar da fili, da mawaƙin da aka yi wa liƙi. Takardun shari'ar Hushpuppi ma sun ambaci babban ɗan sandan da a lokacin ake yi wa kirari da gwarzo, Abba Kyari, wanda Amurka ta tuhuma a 2021 kan zambar da aka yi wa wani ɗan kasuwar Katar. Ya musanta. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, darasin shi ne yaron da ake nunawa da kwamfuta a gabansa ƙarshen igiya ne, kuma shi ya fi sauƙin kamawa.

Hujjojin da suke faɗa wa kansu su ma abin nazari ne. Wasu masana biyu, Sykes da Matza, sun lura tun 1957 cewa mai laifi ba ya watsar da tarbiyyar da aka yi masa, sai dai ya nemi hanyar rufe mata baki na ɗan lokaci. Ɗan Yahoo zai ce Turawa sun kwashi dukiyarmu shekara da shekaru, namu muke karɓowa. Zai ce ai ba bindiga na ɗauka ba. Zai ce wanda ya saci biliyan yana majalisa, ni za a gani? Ka lura, ba ya kiran wanda ya cuta da sunan mutum, sai ya ce kwastoma. Wanda ke son ya hana ƙaninsa shiga wannan harka dole ya san waɗannan maganganu ya tanadi amsarsu, domin su za a faɗa wa yaron a daren farko.

A nan ne nake da ƙorafi da mutanenmu. Mun ɗauka cewa wannan ciwon 'yan Kudu ne, mu namu dai shaye-shaye da daba. Wannan yabon kai ne kawai. Namu salon daban ne, kuma ya fi cin na gida.

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ko na 'yan unguwa ya san wannan. Waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Murya mai ladabi, da Hausa tsantsa: "Salamu alaikum, Alhaji, daga zaurenmu ne. Yau da ƙarfe takwas akwai taro ta intanet, an ce in tabbatar da masu halarta. Yanzu za ka ga lamba shida ta shigo maka, karanto min in saka ka a jerin." Alhaji yana tsakiyar ciniki, ya duba, ga lamba ta shigo kuwa, ya karanta. Kafin ya sallami mai sayayya WhatsApp ɗinsa ya fita daga hannunsa. Cikin rabin awa ƙanwarsa da ke aure a Gombe ta ga saƙo da hotonsa da sunansa: "Kina kusa? Akawun ɗina ya ƙi aiki, ina asibiti da yaro, tura dubu hamsin ta wannan lambar, gobe da safe zan mayar miki." Ba za ta kira ta tabbatar ba. Yaya za a yi yayanta ya ce yana asibiti ta tsaya bincike? Ta tura.

Babu wata gwanintar kwamfuta a cikin wannan. Wanda ya yi shi ba injiniya ba ne, masanin halinmu ne. Ya san ba ma iya ce wa wanda ya yi mana sallama da ladabi "ban yarda da kai ba". Ya san nauyin da ƙanwa ke ji wa yayanta. Abin da aka yi wa kutse zumunci ne, wayar hanya ce kawai. Haka alat na bogi da ake nuna wa mai shago: yana aiki ne saboda ɗan kasuwa yana jin kunyar tsare mutum mai babbar riga ya ce sai kuɗi sun shigo tukuna. Haka kuma tsare-tsaren a-zuba-kaɗan-a-kwashi-da-yawa. Lokacin da MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya a banki ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan uku sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX ta sake yin irin ta, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan. Tambayi duk wanda ya faɗa, wa ya shigar da kai? Da wuya ya ce talla ya gani. Abokin aiki ne, ko ɗan uwa, ko wanda suke sahu ɗaya a masallaci, wanda shi ma da zuciya ɗaya ya kawo shi domin an biya shi a zagayen farko. Ga mutum ya zama wanda aka cuta kuma wanda aka yi cuta da hannunsa, a lokaci guda. Kundin laifuffuka bai san inda zai ajiye irin wannan mutum ba, kuma su ne suka fi yawa.

Akwai karin maganar da ake jefa wa wanda aka damfara: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wato kwaɗayinka ne ya ja maka. Ina ganin wannan magana ta yi wa 'yan damfara aiki fiye da duk wata manhaja. Saboda ita magidanci yake haɗiye asararsa ya yi shiru, kada a ce wawa ne. Kuma inda shirun ya fi muni shi ne wajen 'yan mata. Saurayi ya lallaɓi yarinya ta tura masa hoton da bai kamata ba, ko ya naɗi hirar bidiyo ba da saninta ba. In sun ɓata, ko tun kafin su ɓata, sai ya ce ko ki turo kuɗi, ko ki zo inda nake, ko in watsa. Wa za ta faɗa wa? In ta gaya wa uwa, gida ya kama da wuta. In ta je wurin hukuma, tambayar farko ita ce me ya kai ki. In hoton ya fita, ita za a yi wa waƙa, ita za a fasa aure da ita, shi kuwa ko sunansa ba za a riƙe ba, kuma dubban da suka tura wa abokansu bidiyon suna "innalillahi" ba sa lissafa kansu cikin masu laifi. Duniya ta san wannan ta'asa ne ta ɓangaren da ya taɓa Turawa: wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa a 2022 bayan wasu 'yan Legas sun yi masa irin wannan barazana, aka miƙa wa Amurka biyu daga cikinsu, wa da ƙani, kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. A shekarar ce kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu wannan harka. Na Michigan an san shi, an yi masa shari'a. Ta unguwarmu ba ta cikin lissafin kowa, domin alƙaluman hukuma waɗanda suka kai ƙara kawai suke ƙirgawa. Hanyar sanin yawan irinta ita ce mace mai bincike ta zauna da 'yan mata cikin sirri da amana, ba takardar ɗan sanda ba.

Sai mu koma kan tambayar wa ke raɗa wa abu suna laifi. Wani masanin zamantakewar, Howard Becker, ya ce a 1963 kauce wa hanya ba a jikin aikin yake ba kaɗai, yana ga waɗanda ke da ikon kafa doka da liƙa wa wani tambari. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 an kafa ta ne da sunan yaƙi da zamba da kutse, amma sashenta na 24, wanda ya haramta saƙon da ke ɓata rai ko cin fuska, shi ya fi yin suna, domin da shi aka riƙa tsare 'yan jarida da masu sukar gwamnoni. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024, kamun dai bai tsaya ba. A Nijar ma haka: dokar 2019 da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 kan rubutun Facebook game da badaƙalar sayen makamai. An cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, gwamnatin soja ta dawo da shi a 2024. Ba ina cewa zagi da ƙazafi ba laifi ba ne. Wanda aka yi wa ƙarya a gaban dubban mutane an cuce shi, ko gwamna ne ko mai faci. Abin lura shi ne wane mai ƙara ne ƙafar hukuma take saurin tashi dominsa.

Tambarin kuma yana faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kafin zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, matashi mai kwamfuta a jaka da waya mai tsada da tarin gashi ɗan Yahoo ne a idon 'yan sandan kan hanya, sai ya buɗe wayarsa sun bincika, sau da yawa sai ya biya kafin ya wuce. Masu rubuta manhaja da masu aikin zane na halal sun sha wannan. A ƙarshen 2023 aka ruwaito shugaban EFCC, Ola Olukoyede, yana cewa bakwai cikin goma na ɗalibai suna harkar zamba. Ɗalibai suka yi ca, hukumar ta ce ba a fahimce shi ba ne. Ni abin da ya dame ni shi ne yadda adadi irin wannan yake yawo babu wanda ya tambayi wa ya ƙirga, a ina, ta wace hanya. Inda babu bincike, duk mai lasifika shi ne masani.

Wani abin kuma da ya kamata ya hana mu barci namu ne na kanmu. A 'yan shekarun nan an ga 'yan bindigar daji suna fitowa a TikTok da bindiga a kafaɗa da damman kuɗi a gabansu, wani lokacin kai tsaye, suna raha da masu kallo. A ƙarƙashin bidiyon kuwa sai ka ga mutane suna ajiye lambar asusunsu, suna roƙon a taimaka musu. Kuɗin fansa ne, kowa ya sani. Wataƙila na maƙwabcin mai roƙon ne da aka sayar da gonarsa aka kai daji. Ɗan bindigar mai laifi ne, wannan ba gardama. Amma mai ajiye lambar fa? Ba ɗan daba ba ne, ba ya cikin kundin kowa, ƙila ma ya yi sallar asuba a jam'i. Me ya faru da mu har roƙon ɗan fashi ya zama abin da ake yi a fili da suna da hoto? Yunwa ce, ko wasa ne, ko ɗan bindigar ya fara zama irin mai kuɗin da aka saba yi wa fadanci? Wannan tambaya ta fi ƙarfin sanarwar kakakin 'yan sanda. Kuma kamfanonin da suka mallaki waɗannan kafafe ba za su amsa mana ita ba, tunda yawancin abin da ke gudana da Hausa ne, cikin saƙon murya da habaici da zaurance.

Kada kuma a ɗauka duk abin tarbiyyar yaranmu ce ta lalace. A Disambar 2024 EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Victoria Island a Legas, cikinsu akwai 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Baƙin ne iyayen gida, 'yan Najeriya ma'aikata ne da aka ɗauka, aka ba su kwamfuta da rubutaccen zancen da za su riƙa yaudarar Turawa da shi. Wannan masana'anta ce mai jari daga waje, wadda ta zo inda matasa masu ilimi suke da arha. Wa'azi ga yaron da ke kan kujera ba zai rufe ta ba.

To ina masu binciken? Akwai sassan nazarin zamantakewa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu a kan illar kafafen sada zumunta ga tarbiyyar matasa. Yawancinsu fasali ɗaya ne: a raba takardar tambayoyi ga 'yan aji, a tambaye su ko sun yarda intanet na ɓata tarbiyya, su ce sun yarda, a zana jadawali, a ba gwamnati shawara ta samar da aikin yi. Wannan ra'ayin jama'a aka auna, ba laifin ba. Wata Ba'amurkiya, Jenna Burrell, ta zo ta zauna a shagunan intanet na Accra, har da na Mamobi, unguwar zango inda Hausa ke yawo a titi, ta saurari samarin da ke neman Turawa ta intanet, ta rubuta yadda suke kallon abin da suke yi. In baƙuwa ta iya wannan zama, ɗan gida da ya san harshen da habaicinsa ba shi da uzuri.

Gaskiya aikin yana da wuya. Wanda zai zauna da ɗan damfara sai ya yi masa alƙawarin rufa asiri, kuma ya cika, ko da hukuma ta matsa. Za a zarge shi da zama ɗan leƙen asiri ta wannan gefe, a zarge shi da goyon bayan ɓarayi ta wancan. Shiga zauren mutane a ɓoye ana kwafar hirarsu kuma cin amana ne ko da sunan ilimi aka yi shi. Ga kuɗi: irin wannan bincike wata da watanni yake ci, ba hutun zango ɗaya ba, kuma asusun TETFund da ake da shi domin bincike ya kamata ya san cewa wannan ma tsaro ne.

Amma akwai wurin farawa da ba ya buƙatar ko sisi. EFCC ta ce ta samu hukunci a shari'o'i 3,785 a 2022, da 4,111 a 2024, kuma kaso mai yawa na zambar intanet ne. Kowace shari'a tana da fayil, kowane fayil yana da bayanin da wanda aka kama ya rubuta da hannunsa: shekarunsa, karatunsa, garinsu, wanda ya koya masa, nawa ya samu, me ya saya da su, asusun wa aka yi amfani da shi. Dubban irin wannan suna jibge a ofisoshin shiyya, har da na Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe. A goge sunaye, a buɗe wa malaman jami'a su karanta. A haɗa da ƙorafe-ƙorafen da bankuna ke karɓa kullum daga waɗanda aka kwashe wa kuɗi, su ma ba tare da suna ba. Ni da za a ba ni fayilolin nan, shafin da zan fara dubawa shi ne na inda kuɗin suka tafi bayan sun shigo: nawa aka kai gida, nawa aka biya wa ƙanne kuɗin makaranta da shi, nawa aka ba jami'in da ya kama ya saki, nawa aka yi sadaka da shi.